Wanda Ya Horar da Kowa, Shi Ba a Taɓa Tura Shi Kwas Ba

Ƙarfe shida saura kwata yake jingine kekensa a bayan ɗakin masu gadi. Ya sa hannu a littafi, ya karɓi damin makullai, ya laluba su ɗaya bayan ɗaya kafin ya rataya a ɗamara. Daga nan sai ƙirgan fursunoni. Shekara talatin da uku ke nan yana haka a gidan yari ɗaya, kuma mako mai zuwa zai yi ritaya da igiya uku a damtse, igiyoyin da aka ɗinka masa tun 'yarsa ta fari tana goye.

Ba mai kiran sunansa na yanka. Sajan Sake-Ƙirga ake ce masa. Duk sabon gandiroba da aka turo, da kaki mai sitati da takalmi mai ƙyalli, a hannunsa ake damƙa shi har wata uku. Darasin farko bai taɓa canzawa ba: ba a ƙirga kai, ba a ƙirga bargo. Ka kira mutum, ya amsa da bakinsa, ka dubi idonsa, sannan ka rubuta.

Malamin asibitin gidan ya ba ni labarin wata safiya, shekara ashirin da suka wuce. Wani kurtu ya fito daga ɗaki na huɗu yana ƙobarewa.

"Arba'in da bakwai, Sajan. Cif."

"Nawa suka amsa?"

"Ai duk na gan su."

"Gani na tambaye ka? Ko buhun gawayi ka lulluɓa wa bargo zai cika maka lissafi. Koma."

Ya koma yana ƙunƙuni. A lungu ya tarar da wani dattijon tela mai jiran shari'a, sukarinsa ya faɗi, jiki ya yi sanyi, baki ya ƙi buɗuwa. Malamin asibiti ya ce da an ƙara rabin awa, gawa za a fitar. Telan yana nan da ransa, yana taka keken ɗinki a kasuwa. Kurtun kuwa shi ne shugaban gidan yarin a yau.

To ga inda abin yake ci mini rai. A ƙa'idar aikinsu, ba a tsallakawa daga igiya zuwa aninin hafsa sai da takardar kwas na sati shida. Sau tara sunan Sajan yana shiga jerin masu tafiya, sau tara ana soke shi. Yau a ce baƙi za su zo duba gidan, gobe a ce ma'aikata sun yi kaɗan. Mai kasala ake turawa, don rashinsa ba ya hana komai tafiya. Shi ƙwazonsa ne ya ɗaure shi.

Bara ce damarsa ta ƙarshe. Matarsa ta goge masa kaya, ta shirya jaka, har ta gaya wa maƙwabta. Ana jibi tafiya shugaba ya aika a kira shi.

"Baba, zauna mana."

"Na fi gane tsayuwa, Yallaɓai."

"An turo mana kurata goma sha takwas. In ka tafi, wa zan ba su?"

"Sati shida ne kawai, Yallaɓai."

"Baɗi, in Allah ya kai mu. Ni da kaina zan raka ka tasha."

"Baɗi ina gida ina korar kaji."

Shugaba ya yi dariya, ya ɗauka barkwanci ne. Aka tura akawun ofis, mutumin da bai taɓa murɗa makulli a ƙofar ɗakin fursuna ba.

Akawu ya dawo da takarda mai tambari da wani ɗan littafi mai shuɗin bango. Aka tara ma'aikata a ɗakin taro don ya koya musu abin da ya kira sabon tsarin ƙirga da amsawa. Tsarin Sajan ne, layi bayan layi. Ɗalibansa da suka zama malamai a makarantar horo su suka kai shi can, ba wanda ya tuna ya rubuta daga inda ya fito. Sajan yana bencin baya, hula a kan gwiwa, ya saurara har ƙarshe. Da akawu ya ce ko akwai mai tambaya, sai ya ɗaga hannu.

"In kurma ne fa, ɗana?"

Akawu ya yi ta jujjuya shafuka. "Ba a rubuta wannan ba."

"Ka taɓa ƙafarsa, ka jira ya ɗaga hannu. Ƙara a littafinka."

Akawu kuwa ya ciro biro ya ƙara.

A gaban kwamitin ƙarin girma, Sajan minti uku bai yi ba. Aka ce ina takardar kwas, ya ce babu, aka ce na gaba ya shigo. Matarsa ta ce mini da ya dawo gida sai ya zauna yana goge takalmin gobe. Ita ce ta kasa shiru. "Na ce masa, Malam, ka yaye musu manya, sun bar ka a bakin ƙofa. Ya ce ƙofar ma ai tana son mai tsaro. Wallahi da ban bar ɗakin ba, da na faɗi abin da zan yi nadama." Jakar tafiyar tana kan kabad har yau, ta ƙi kwance ta.

Kai ne makarantar da ba a kafa wa allo ba, Sajan. Kai ka hana kurata zuba hannu cikin abincin da uwa ta kawo wa ɗanta, ka ce cokali na nan, a bincika da mutunci. Kai ka koya musu cewa a ajiye fushin gida a bakin get tare da waya. A hannunka ba wanda ya tsere, ba wanda aka wayi gari aka ƙirga gawarsa cikin masu rai. Wannan bai shiga fayil ɗinka ba, don fayil ba ya da gurbin abin da bai faru ba.

Mun gode, Baba. Iyalan da ba su san fuskarka ba, amma nasu suka dawo musu da ƙafafunsu, su ma sun gode. Allah ya saka maka da abin da hukuma ta hana.

Ku sababbin shiga, ku kwaikwayi aikinsa, amma kada ku yarda da baɗi. Ku masu rubuta jerin kwas, ku duba wanda kuke cewa gida ba zai zauna ba in babu shi, ku fara da sunansa.

Ku kuma da ya horar, masu anini a kafaɗa, na ji kuna shirin zuwa taron sallamarsa. Ku zo. Amma don Allah ku sako kayan gida, kada tsohon nan ya ƙare aikinsa a ƙame yana sara muku.