Masahudu Kafinta da Iskar Bazara

Masahudu kafinta ne, amma a unguwarsu Gumani da ke Tamale ba a nemansa don kujera ko ƙofa. Rufin kwano ne aikinsa. Mahaifinsa ya zo Tamale daga wajen Dosso da fataucin shanu, ya auri 'yar ƙabilar Dagomba a zango, ya zauna. Shi Masahudu bai taɓa sha'awar shanu ba. Tun yana saurayi aka kai shi wurin wani masta, babban kafinta a unguwar Gumbihini, ya koyi ɗora katako da buga ƙusa, har ya zama an fi ganinsa a saman gidajen mutane.

Aikinsa yana tafiya ne da yanayin gari. In ruwa ya ɗauke wajen ƙarshen Oktoba, masu gini sai su tashi, shi kuma ya yi ta rufe sababbin gidaje a unguwar Jisonayili har Janairu. Lokacin da safe akwai sanyi, fatar hannu tana tsagewa, yakan shafa man kaɗanya kafin ya kama guduma. Daga Fabrairu zafi ke shigowa, a Maris kuwa kwano ba ya taɓuwa da zarar hantsi ya ɗaga, don haka yana hawa bayan asuba, ya sauko tun kafin azahar. Afrilu ce watan iska. Hadari yakan haɗu daga gabas da yamma lis, iska ta riga ruwa isowa, ta yaye rufin da ƙusarsa ta kwance, ta jefar da shi a gidan maƙwabta. Washegari wayarsa ba ta hutawa. Ba ya murna da irin wannan aiki, ba ya kuma ƙin sa. A Agusta da Satumba, da ruwa ke sauka kusan kullum, sai toshe yoyo da ɗan noman masara a bayan gari.

Matarsa Lamisi tana sayar da koko da ƙosai a ƙofar gida, ƙarƙashin wata babbar darbejiya da suka tarar a filin tun kafin su yi gini. Masu babur da masu keke da za su shiga gari nan suke tsayawa su karya. Da rana matan unguwa su kawo tabarmi, ana ɓarar gyaɗa ana hira cikin Dagbani, yaren Dagomba, da Hausa. Reshe ɗaya na bishiyar ya miƙe bisa ɗakin da Lamisi ke kwana da 'yarsu Shahida.

Wata bazara aka kira shi Gumbihini, gidan mastansa da ya riga ya rasu. Iskar jiya ta karya reshen darbejiyar tsakar gidan, ya fasa rufi ya faɗa ɗakin Mma Adiza, matar marigayin, tana zaune kan sallaya bayan la'asar. Ƙugunta ya karye. Kafin Masahudu ya iso an kai ta asibiti, amma reshen na nan kwance a ɗakin, da ganyensa kore shar. Shi da ƙanensa Wahid suka sassare shi suka fitar. Wannan mata ita ta ciyar da shi duk shekarun da ya yi yana koyon aiki. Ya gyara rufin.

Da ya dawo gida ya gaya wa Lamisi zai sare tasu bishiyar. Ta ce a rage reshen da ke kan ɗaki kawai. Ya ce darbejiya in an rage ta tohowa take yi da sauri, sabon reshen ma ya fi saurin karyewa. Ta ce bishiyar ta ga iskar shekaru da yawa ba ta taɓa kowa ba. Ya ce ta gidan masta ma haka aka riƙa faɗa. Suka bar maganar a nan.

Ranar da ta tafi bikin suna a garin Savelugu ya kira mai injin yanka. Da ta sauka daga yalo-yalo, keken haya mai ƙafa uku, da yamma, kututture ta tarar, da itace jibge jikin katanga. Ta daɗe a tsaye da jaka a hannu.

"Baban Shahida, da ka bari ina nan."

"Da kina nan ba zan iya ba," in ji shi.

Ta wuce cikin gida. Ta yi watanni tana girki da itacen.

Daminar nan ba wanda ya ji rashin bishiyar sosai. Gari a lumshe yake yawancin kwanaki, wasu maƙwabta ma suka ce ya yi dabara. Sai da Fabrairu ta zagayo aka gane. Rana na fitowa take dukan teburin Lamisi, masu babur suka koma wurin wata mai koko a gaba, wadda ke da inuwar mangwaro. Matan unguwa suka ɗauke tabarminsu. Azumi ya faɗo a Maris shekarar, ɗakin ya zama ba ya shiguwa da rana, bango yana riƙe zafi har bayan shan ruwa. Ƙurajen zafi suka feso wa Shahida a wuya da baya.

Masahudu ya ɗauko ragowar kwano ya kafa wa Lamisi rumfa a inda bishiyar take. Ya yi ta da kyau, da ginshiƙai masu ƙarfi. Ta zauna ciki kwana kaɗan, ta fitar da teburinta waje. Ta ce gara rana da wannan tanda, in dai zai yi mata rumfa, ta ciyawa take so.

Bai iya rufin ciyawa ba. Ya hau babur ya je wani ƙauye bayan Gumani, wurin wani tsoho da ke saƙa zana, ya zauna ya ga yadda ake jera ciyawa a ɗaure. Ya lodo ta a motokin, babur ɗin ɗaukar kaya mai ƙafa uku, ya kawo. Abokan aikinsa suka yi ta tsokanarsa a masallaci, wai mai kwano ya koma ciyawa. Ya cire kwanon ya ɗora ciyawar. Rumfar ta yi sanyi, wasu daga cikin masu babur suka dawo, ba duka ba.

Iskar Afrilu ta farko ta kwashe rumfar gaba ɗaya, ta watsa ciyawar har bakin titi. Rufin gidan bai motsa ba. Da gari ya waye ya tattara abin da ya samu ya sake ɗaurawa kafin ya tafi gyaran gidajen mutane. Tun daga lokacin haka ake yi kowace shekara: ya ɗora sabuwar ciyawa in rani ya shiga, iska ta taɓa ta a bazara, damina ta ruɓar da sauran. Mma Adiza ta ƙara shekara biyu a duniya, ba ta sake tafiya da ƙafarta ba. Lamisi takan kai mata koko ranar Juma'a. Tsakaninta da mijinta ba a sake tayar da zancen bishiyar ba, ba kuma wanda ya ce ɗan'uwansa ne ke da gaskiya.

Bara, cikin zafin Maris, jiri ya ɗebe shi a saman wani bene a Jisonayili. Ya zauna kan katako ya riƙe da hannu biyu har Wahid ya hau ya sauko da shi. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba shi magani, aka hana shi hawa sama. Yanzu Wahid ke hawa, shi yana ƙasa yana awo da yankan katako, yana ɗaga murya in ya ga layin ƙusa ya karkace. Wahid yakan ce masa, "Yaya, na gani," ya ci gaba da abin da yake yi.

Bana ruwa ya yi jinkiri, manoman Gumani sun yi shuka ta ƙone, suna jiran su sake. Masahudu da Wahid suna rufe wata makarantar Islamiyya, masu ita suna so a gama kafin ruwa ya zauna.