Idon Kuluwa da muka kira kunya

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai ƙanwata Kuluwa makwancinta a Durun, garinmu da ke ƙasar Kabo. Na daina cewa kamar jiya. Kowace shekara sai da na ji nauyinta.

An haife ta da kai mai tsini, maɗigarta ta rufe tun tana 'yar jaririya. Inna ta yi ta gasa kan da ruwan ɗumi tana mulmulawa, daga baya ɗankwali ya rufe sauran. Idanunta manya, kullum suna ƙasa, ba sa ɗagowa. Unguwa ta ce kunya ce. In Baba ya yi baƙi, ita ake turawa da ruwa don a ga tarbiyya. Ni kuwa da littattafan soyayya suka cika wa kai, nakan ce mata 'yan matan littafi duk haka suke sunkuyar da ido, wata rana mai farar mota zai zo daga Kano saboda wannan kallon.

Malama Rifkatu, 'yar kudancin Kaduna da ke koyar da su Kuluwa a firamare, ta tako har gida. Ta ce yarinyar sai ta ɗage kai gaba ɗaya take ganin allo, ga yawan ciwon kai, a daure a kai ta asibiti a Gwarzo. Ni na raka ta ƙofa, na ce mata cikin ladabi kunya ba cuta ba ce. An ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mu muka tambaya, mu muka ba kanmu amsa.

Sai da gani ya dushe muka je, aka tura mu Kano. Likita ya ce ƙashin kan ya haɗe da wuri, ƙwaƙwalwa ta rasa wurin girma, jijiyar ido ta matsu, kuma mun makara. A mota ta laluba hannuna.

"Yaya, ni fa ba kunyarku nake ji ba. Na so in kalle ku, idon ne ya ƙi."

Da tana nan yau, ta ga kowa a Kabo ya sunkuya kan waya, da ta yi dariya ta ce gari duk ya zama mai kunya. Malama Rifkatu ta yi ritaya ta koma gida, ban samu na nemi gafararta ba.

Littattafan soyayyar nan suna cikin akwati. Abin da Kuluwa ta bar mini ɗabi'a ce guda: duk goyon da aka miƙo mini, sai na shafa maɗigarsa, na ɗaga zobena sama da kansa. Mata suna cewa tsurfa ce. Ba na sauke hannu sai idon ya biyo.