Itacen da Ya Shigo da Ɓawonsa

Warin ɗanyen ɓawon itace ne ya tarbe ni shekaranjiya da na buɗe ƙofar falonmu a unguwar Trikania da ke Kaduna, sai da na dafa bango. Maigidana ya ga wani ado a waya, wai a mai da ɗaki kamar daji. Ya jera gora a bango, ya kawo kututture biyu a maimakon tebur, ya ajiye su dab da inda nake shimfiɗa jaririyata.

Kin ga, ni a hannun Kaka na tashi, a wani gidan haya a unguwar Nasarawa. Ɗakinta duk kayan daji ne: gadon kara, tabarmar kaba, ƙore rataye a ragaya. In damina ta sauka, komai sai ya ɗauki ƙamshin jiƙaƙƙiyar ciyawa. Amma tana da doka guda: itace ba ya ƙetare bakin ƙofarta sai an ɓare shi, ya sha rana. Takan ce, "Wanda bai tuɓe rigarsa ba, da baƙinsa yake tafe." Mu yara mun ɗauka aljanu take nufi.

Wata shekara Kawu, mai aikin kamfani a Kudenda, ya tsinto kututture a bakin kogi don ya riƙa zama a kai. Lokacin Kaka ta tafi ƙauye gaisuwar mutuwa, sai ya shigo da shi ɗakinta da ɓawonsa. Ya ce, "Tsohuwa da camfinta! Ai ɓawon ne kyansa."

Da la'asar ne, ruwa ya ɗauke. Ƙanena yana wasa, ya cusa hannu a tsagar ɓawon, wani abu ya sare shi. Kukansa bai ma yi ƙarfi ba. Aka goya shi a babur zuwa asibiti, hannun ya kumbura kamar tulu. Ba a dawo da shi da rai ba.

Na faɗa wa maigidana duk wannan. Ya yi dariya, ya ce yanzu akwai maganin feshi, zamani ya wuce nan. Wataƙila ya wuce. Abin da Kaka ta zauna da shi don rashi, yau shi ake yayi, amma dokar ba ta biyo kayan ba.

Yau da ya fita aiki na kai yarinyar wajen maƙwabciya, na ɗauki wuƙa, na hau ɓare kututturen nan biyu. Na farko ba komai. A ƙarƙashin ɓawon na biyu na tarar da saɓar maciji, sabuwa, da laushinta. Mai ita ne ban gani ba.