Akwatin ƙara sabis na shagon Habu

Jama'a, yau jikina ya mutu!

Ina shagon cajin Habu a Auyo, sai ga ma'aikatan sadarwa biyu. Suka nufi ɗan akwatin ƙara sabis da ya sayo.

Ɗayansu ya ce, "Wannan ba shi da rajista. Shi ya toshe layin unguwar nan."

Innalillahi! Shekaranjiya maciji ya sari maƙwabcinmu Baba Audu a gonarsa ta ƙetaren kogi. An yi ta kiran mai kwalekwalen unguwarmu, kira ya ƙi shiga. A can ya cika.

Habu ya ce, "Wallahi taimako na yi nufi!"

Ashe ɗan marigayin na bakin ƙofa, ya zo karɓar wayarsa. Duk ya ji. Ya juya ya tafi, ya bar wayar.