Rabi'un Oga Pam

Da safen nan ina ɗaure firij a bayan mota aka bugo min waya, wai Oga Pam ya rasu. Sai na ga kaina zaune a ƙasa, igiyar na hannuna.

Ku yi haƙuri da rubutuna. A aji huɗu na firamare muka rabu da boko, kuma tun daga nan babu wanda ya nemi ɗan'uwansa. Shafin nan ma 'yata ce ta buɗe min a shagon intanet don in riƙa zolayar jama'a.

Ga wanda bai san shi ba, Oga Pam ne mai shagon gyaran firij da naɗin koyil a Nasarawa Gwom. Ni direbansa ne. Aikina in ɗauko firij matacce, in mayar da shi rayayye, in karɓi godiyar kamar ni na gyara.

Ranar Juma'a shi ke korar mu masallaci, ranar Lahadi mu tsare masa shago. Da gari ya rikice, 'yan'uwansa suka ce ya kwashe kayansa ya koma cikin nasa. Ya ce su ba shi lokaci ya yi tunani. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai gama tunanin ba.

Hausarsa irin ta Jos ce, ba ruwanta da mace ko namiji. Matarsa ma “ya tafi kasuwa” ce.

'Yata Rabi, shan inna ya taɓa mata ƙafa tun tana ƙarama, da sanduna take tafiya. Ta gama sakandare ta zauna gida a Dutse Uku. Duk inda na kai ta neman aiki, sandunan ake fara gaisarwa, sannan a ce za a neme mu. Abin da ke hana ni barci shi ne, ran da babu ni, wa zai ɗauke ta?

Wata rana na zo da ita shago, ta zauna tana kallon masu naɗin koyil. Oga ya miƙa mata wayar naɗi ya ce ta gwada. Washegari muka tarar ya sa zarto ya rage ƙafafun teburinsa, don ta yi aiki a zaune. Shi kuma ya koma aiki a sunkuye, yana zagin bayansa.

Da hannunta ya faɗa, sai wata gonar madara a Vom ta nemi mai kula da injinan sanyaya madara. A gabana Oga ya buga wa manajan waya.

“Ina da wani yaro, ya iya aiki sosai. Sunansa Rabi.”

Manaja ya ji Rabi'u. Ya ce a kawo shi.

Muka isa, na sauko da Rabi da sandunanta. Manaja ya leƙa mota, ya leƙa bayana.

“Ina Rabi'un?”

Oga ya nuna ta. “Ga shi nan.”

“Oga, ai mace ce. Kuma ga ƙafa.”

“To injin ya sani? Ka ba shi wata ɗaya. In madara ya lalace, ni zan shanye.”

Ni dai na tsaya ina nazarin takalmina, kamar ranar na fara ganinsa.

Manajan ba mugu ba ne, tsoro yake ji. Ya nuna matakalar ɗakin injin, ya ce ta yaya za ta hau. Oga ya auna matakalar da ido. Ranar Asabar ya cika motata da katako, muka je ya buga mata gangara a gefen matakalar. Ni na riƙe ƙusa, kuma babban yatsana bai manta ba.

Wata ya wuce, ba su sallame ta ba. Wani ya bi, suka ba ta ɗaki a can. Yanzu har masu turo baron madara sun ƙwace mata gangarar.

Makon jiya na je duba shi a asibiti. Ya rame, amma bakin nan na nan. Na ce, “Oga, tsakaninka da Allah, maganar Rabi'u, kuskuren Hausa ne ko da gangan ka yi?”

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

“Baban Rabi, a Jos aka haife ni. Na san yarinya, na san yaro. In na ce yarinya a waya, za su ce mu zo?”

Sannan ya ce in daina tsayawa masa a kai kamar mai jiran gado, in tafi in kai wa mutane firij ɗinsu.

Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Ɗazu na kira Rabi in gaya mata. Na ce ta shirya, ga ni nan zuwa ɗaukarta.

Ta ce, “Baba, inji ɗaya ya tsaya tun asuba, kuma madarar yau na ciki. Bari in tayar da shi tukuna. Kada ka zo, zan hau mota da kaina, mu haɗu a gidan gaisuwa.”

Na ce to. Na kashe waya na yi kukan da ban yi da safe ba.

Allah ya ba Mama Pam da yara haƙurin wannan rashi. Allah ya saka masa da abin da ya yi mana, ya raya shagon nan da mutanen cikinsa a haɗe kamar yadda ya bar mu. Duk wanda ya karanta wannan, ɗan masallaci ne ko ɗan coci, don Allah ya sa Oga Pam da iyalinsa cikin addu'arsa ta yau.