Rahoto Ɗaya, Darussa Biyu

Baban Kwalabe ɗalibai ke ce masa, har ya daina jin haushin sunan. Shekara goma sha tara yana kula da ɗakin gwajin ruwa da ke ƙasan bene a jami'ar. Shi ke wanke kwalabe ya jera, shi ke nuna wa 'yan aji biyu yadda ake auna gishiri da datti a cikin ruwa. In zango ya ƙare, sai ya tattara littattafan da suka cika da lambobi ya ɗura a buhu. Ba mai sake waiwayarsu.

A saman kansa kuma, hawa ɗaya kacal, ana koya wa waɗannan ɗaliban ƙididdiga da lambobin littafi: tsayin wasu sojoji da ba wanda ya taɓa gani. Duk shekara kusan rabin ajin ke faɗuwa, sashen ko a jikinsa.

Abin ya zo masa har gida da Auta, 'yarsa, ta faɗi darasin sau biyu. Doka ta ce wanda ya faɗi sau uku sai ya tattara ya bar jami'a. Yarinyar da ke auna ruwa ba kuskure a gabansa, ita ce ke zama a tsakar gida ta zuba wa takarda ido kamar an ba ta wasiƙa da wani yare.

Sai ya hau matakala da buhunsa ya sami Malamar Ƙididdiga. Ya ce ga lambobi na gaske suna ruɓewa a ƙasa, me zai hana yara su ɗebo ruwan rijiyar bayan ɗakunan kwanansu, su auna a wurinsa, su yi lissafin a wurinta, su rubuta rahoto ɗaya? Malamar, wadda ita ma ta gaji da jan biro, ta amince nan take. Ta rubuta wa shugaban sashe takardar neman izini, ya ce su ci gaba, zai sa hannu. Baban Kwalabe ya yi ta sintiri zuwa ofishin shugaban har sakatare ya fara tsokanarsa wai ko kujera za a ajiye masa. Kullum amsar ɗaya: Oga yana taro.

Aiki dai ya tafi. Ɗakin gwaji ya cika da gardama, wannan na cewa awonsa ne daidai, waccan na cewa lambar ta yi nisa da sauran, a sake. Auta ce ta fara gano cewa gishirin ruwan na raguwa duk bayan ruwan sama, ta zana shi a allo, 'yan ajin suka yi mata tafi. Ranar Baban Kwalabe ya koma bayan kabad yana goge kwalbar da ba ta da datti, don kada a ga idonsa.

Da kwamitin jarrabawa ya zauna, wani dattijon farfesa ya buɗe kundin dokoki ya karanto sakin layin da ya ce aikin da aka miƙa a darasi ɗaya ba a sake miƙa shi a wani. Malamar ta yi bayani har muryarta ta dishe. Aka tambaye ta takardar izini. Tana nan ƙarƙashin tarin fayil, ba sa hannu, shugaban sashe kuwa ya ce shi bai tuna sun yi maganar ba. Baban Kwalabe yana tsaye a baranda, don ma'aikacin ɗakin gwaji ba ya shiga taron malamai. Aka bar wa rahoton makinsa a darasin gwaji, aka soke maki talatin ɗinsa a ƙididdiga. Mutanen da aikinsu ilimi ne, suka hukunta yara don sun haɗa ilimi biyu wuri ɗaya!

Da aka liƙa sakamako, Auta ta same shi a bakin famfo, hannunsa duk kumfa.

"Baba, talatin da takwas na ci cikin saba'in na jarrabawa. Arba'in ake nema."

Ya kashe famfon.

"Na lissafa na ajin duka," ta ce, ta miƙa masa takarda. "Da an bar mana makin, mutum shida ne za su faɗi. Yanzu mu ashirin da uku ne."

Ya goge hannu ya karɓa. Layuka a tsare, jadawali tsaf, har da zane a ƙasa. Ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, takaici na cin ransa, yana neman inda ta yi kuskure ko ya samu abin cewa. Babu ko ɗaya.