Kaskon Ummusalama Ya Koma Bayan Azuzuwa

Duk wanda ya san Ummusalama a Madani ta ƙasar Sudan ya san ba ta iya zama ba. Tun tana budurwa take toya kisira, wainar dawa mai faɗi da sirara, kuma ko a gaban kasko a tsugune take, ƙafa ɗaya na shirin tashi. Mijinta, Allah ya jiƙansa, yakan ce ko a kabari sai an danne ta da dutse. Da yaƙi ya iso garin, ta ɗora kaskon a kai, ta kama hannun 'yarta Huda, suka bi ayari har Gadarif. Aka sauke su a wata makarantar firamare, iyalai cunkushe a aji ɗaya, zani ne bango.

Kafin mako ya zagayo ta kafa murhu a bakin ƙofa, inda masu yankan riɗi ke jiran motar zuwa gonakin Fashaga. Ciniki ya kankama, har ta fara maganar kama ɗaki.

Sai ranar da Huda, 'yar shekara bakwai, ta dawo daga banɗakin da ke bayan azuzuwa da takalmi ɗaya, ta kasa magana. Da ta iya buɗe baki, sunan Waleed ta kira, mutumin da ke kula da tankin ruwa. Matan ajin suka ce a rufa asiri. Ummusalama ta saɓa yarinyar a kafaɗa, daga asibiti sai wurin 'yan sanda, aka zo aka tafi da shi.

Ba a yi wata ba, ta ɗaga kai daga kasko ta gan shi tsaye a gindin tanki yana wanke ƙafa. Kisirar ta ƙone a gabanta. Ta nufi Harun, shugaban lajna, wato kwamitin da ke tafiyar da zaman makarantar.

"Damana aka ba shi, ya Hajja, wato beli, ni na tsaya masa," in ji Harun. "Amma da sharaɗi. Kada ya bar inda yake zaune, kada kuma ya kusanci yarinyar."

"Ina yake zaune?"

"Nan mana."

"Ita fa, a sama take kwana?"

"Malesh, sai haƙuri. Ba a yanke hukunci ba tukuna."

Daga nan ƙafarta ba ta huta ba. A kotu aka ce masauki ba aikinsu ba ne. A ofishin hukuma aka ce sharaɗin kotu ba ya taɓuwa. Ta tare wani babba da ya taɓa zuwa makarantar da masu ɗaukar hoto, ya raba sabulu, ya dafa kan yara yana cewa amana ce a wuyansa. Ya saurare ta da ƙafa ɗaya a cikin mota, ya ce za a duba. Har yau ana dubawa.

Tana wannan yawo, abin da ke gabanta ya shige mata duhu. Wata azahar, rana kamar ta fasa kai, ta miƙa wa Huda ruwa, yarinyar ta kau da fuska. Leɓenta ya tsattsage, idonta ya faɗa. Ummusalama ta lallashe ta, ta yi faɗa, ta sake lallashi.

"Inna, in na sha sai na je can," Huda ta ce a hankali.

Ashe tun ranar da Waleed ya dawo take ƙin ruwa. Ummusalama ta ji kunya, ta ji haushin kanta, ta ji na kowa.

Kashegari ta tattara murhu da kasko da ƙullu, ta kafa su daf da ƙofar banɗakin, fuskarta na kallon tanki. Wa zai sayi kisirar da aka toya a nan? Masu riɗi suka koma wurin wata mai kisira. Harun ya ce wuri ne da bai dace ba, ta ce ya kai ta kotu. Matar da ba ta taɓa iya zama ba yanzu tana nan daga safe har magariba, ƙafarta na rawa, idonta ba ya barin Waleed.

Ta cika kofi ta miƙa wa yarinyar.

"Sha. Ina nan."

Huda ta dubi tanki, ta dubi uwarta, ta kafa kai. Da ta shanye ta miƙo kofin a ƙara mata.